Rinjayen Maza a Manyan Muƙaman Kamfanonin Fasaha na Amurka, 2014 zuwa 2025: Inda Aka Motsa da Inda Aka Cije

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun kason maza a manyan muƙaman kamfanonin fasahar zamani na Amurka, tun daga 2014, shekarar da kamfanonin suka soma bayyana alƙaluman ma'aikatansu, har zuwa ƙarshen 2025. An kasa manyan muƙamai zuwa matakai huɗu: shugabanci na bai-ɗaya, hukumar daraktoci, kujerar shugaban zartarwa, da ikon ƙuri'ar masu hannun jari. Nazarin ya nuna cewa kason maza ya sauka da sauri a hukumar daraktoci, ya sauka a hankali a shugabanci na bai-ɗaya, amma a kujerar zartarwa da ikon ƙuri'a bai gusa ba, a wani wurin ma ƙaruwa ya yi. Ma'aunin da ya fi fayyace wannan bambanci shi ne kusancin kujera da akalar hajar da kamfani yake sayarwa.

1.0 Gabatarwa

A watan Mayun 2014 kamfanin Google ya fitar da alƙaluman ma'aikatansa a karon farko. Maza su ne kashi 70 cikin 100 na dukkan ma'aikata, kashi 83 a ɓangaren fasaha, kashi 79 a shugabanci. Kafin shekarar ta fita, Facebook da Apple da Twitter da Yahoo da LinkedIn da Microsoft duk sun bi sahu. Ba haka kawai aka wayi gari suka buɗe littattafansu ba. A 2010 jaridar San Jose Mercury News ta ruwaito cewa Google da Apple da Yahoo da Oracle da Applied Materials sun shawo kan Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta ƙi sakin irin waɗannan alƙaluma, bisa hujjar cewa sirrin kasuwanci ne. Sai da Tracy Chou, injiniya a Pinterest, ta yi kira a Oktoban 2013 cewa a fito da adadin mata injiniyoyi, sannan Jesse Jackson, ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin jama'a, ya riƙa halartar tarukan masu hannun jari a 2014 yana neman bayani, kafin kamfanonin su sassauta.

Manufar maƙalar ita ce tantance yadda kason maza ya sauya a cikin shekaru goma sha ɗaya da suka biyo baya, da kuma matakin da sauyin ya tsaya. Da gangan aka zaɓi ƙirga maza, ba mata ba, duk da cewa lissafin guda ne. Idan mata aka ƙirga, tambayar da ke biyo baya ita ce me ya hana su hawa. Idan kuwa maza aka ƙirga, sai tambayar ta koma wace kujera ce ba ta taɓa fita daga hannunsu ba, kuma ta wace hanya ake gadonta. Tambaya ta biyun ce farfajiyar wannan bincike.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

2.1 Ra'in Magudana

Wannan ra'i, wanda kamfanonin suka fi rungumar sa, yana cewa abin da ya shiga ta bakin magudana shi ke fita ta ƙarshenta: tun da maza ne suka fi karanta kimiyyar kwamfuta, dole su yi yawa a sama. Berryman (1983) ce ta yaɗa kwatancin magudana a nazarin ilimin kimiyya, Camp (1997) kuma ta nuna yadda magudanar ke tsukewa a fannin kwamfuta. Alƙaluman suna da ƙarfi. A 1984 mata sun karɓi kashi 37 cikin 100 na digirin farko a kimiyyar kwamfuta a Amurka. Zuwa wajejen 2010 kason ya faɗo zuwa kimanin 18.

Akwai wani reshe na ra'in da ke jingina bambancin ga halitta. Shi ne abin da James Damore, injiniya a Google, ya kare a wata takarda da ya yaɗa a cikin kamfanin a 2017, wadda ta kai ga korarsa a watan Agustan shekarar. Masana tarihi sun riga sun raunana wannan reshe. Ensmenger (2010) da Abbate (2012) sun nuna yadda rubuta manhaja ya tashi daga aikin da ake ɗaukar mata da yawa zuwa sana'ar maza bayan darajarsa ta hau. Hicks (2017) ta nuna yadda gwamnatin Birtaniya ta ture ƙwararrun mata daga aikin kwamfuta don ta kawo maza da take sa ran za su zama manajoji. Lagesen (2008) da Mellström (2009) kuwa sun samu mata kusan rabin ɗaliban kwamfuta a Malesiya. Halitta ba ta sauyawa cikin shekara ashirin da biyar, ba ta kuma tsayawa a kan iyakar ƙasa.

2.2 Ra'in Tsarin Ma'aikata

Kanter (1977) ta mayar da hankali daga makaranta zuwa cikin kamfani. Ta lura cewa inda aikin shugabanci ke cike da rashin tabbas, masu naɗi sukan zaɓi wanda ya yi kama da su, domin sun fi sakin jiki da shi. A nan za a kira wannan yaɗon iri. A bakin Bahaushe, sai hali ya zo ɗaya ake abota. Ta kuma raba rukunonin aiki bisa kaso: na rinjaye tsantsa, inda ɓangare ɗaya ke da kusan 85 cikin 100, da mai jirkice, wajen 65 da 35, inda marasa rinjaye ke fara samun bakin magana. Castilla da Benard (2010) sun ƙara wani abu mai ɗaure kai: a gwaje-gwajensu, masu yanke hukunci da aka jaddada musu cewa kamfaninsu cancanta kawai yake bi sun fi ba maza lada mai tsoka fiye da matan da sakamakon aikinsu yake daidai da na mazan. Wannan ya shafi masana'antar fasaha kai tsaye, domin babu wadda ta kai ta tutiya da cancanta.

2.3 Rufin Gilashi da Danginsa

Kalmar rufin gilashi, wato shingen da ba a gani amma ake karo da shi a sama, ta yaɗu ne bayan wani rahoton jaridar Wall Street Journal na 1986. Ryan da Haslam (2005) sun kawo gaɓar gilashi: an fi miƙa wa mace ragama idan kamfani ya riga ya kama hanyar faɗuwa. Rahotannin McKinsey da LeanIn, waɗanda ake fitarwa duk shekara tun 2015, sun ce matsalar ba a rufi take farawa ba, a karyayyen matakin farko na tsani take: a 2019, duk maza 100 da aka ɗaga zuwa manaja, mata 72 ne aka ɗaga, a 2024, mata 81. Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka shi ne yawancinsu sun ɗauki "sama" a matsayin wuri guda. Wannan maƙala tana ganin wurare ne da dama, kuma ba dokar hawa ɗaya ce ke aiki a cikinsu ba.

3.0 Hanyoyin Gudanar da Bincike

An dogara ga tushe uku. Na farko, rahotannin shekara-shekara da kamfanonin ke wallafawa da kansu. Na biyu, rahotannin hukumar EEOC mai kula da daidaita damar samun aiki a Amurka, waɗanda aka gina kan fom ɗin EEO-1 da doka ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 100 ko fiye ya cike. Tun 2007 fom ɗin ya raba manyan jami'ai da ƙananan manajoji. Na uku, takardun da kamfanoni ke aika wa masu hannun jari kafin babban taro, inda ake jera sunayen daraktoci da manyan jami'ai da nauyin ƙuri'ar kowa. Kamfanonin da aka sa a gaba su ne Apple, Microsoft, Alphabet mai Google, Amazon, Meta mai Facebook da Nvidia, sai tsofaffin kamfanoni irin su IBM da HP da Oracle inda kwatanci ya buƙata.

Kalmar "shugabanci" a rahotannin kamfanoni ba ta da ma'ana ɗaya. Apple yana ƙirga manajoji na kowane mataki, Microsoft kuwa yana rarrabe su hawa-hawa. Saboda haka ba a auna wani kamfani da wani ba. Kowane an auna shi da kansa ne daga shekara zuwa shekara.

An ƙirƙiri kalmomin fannu biyu. Muƙamin akala shi ne wanda mai shi ke riƙe da haja ko sashen injiniya ko reshen da ke da lissafin riba da asara na kansa. Muƙamin tallafi shi ne wanda ke yi wa na akala hidima: kuɗi, shari'a, kula da ma'aikata, hulɗa da jama'a, talla. Rabon ba na daraja ko albashi ba ne, na hanyar gado ne.

4.0 Nazari

4.1 Shugabanci na Bai-ɗaya

A 2014 kason maza a shugabanci ya kasance 79 a Google da Twitter, 77 a Facebook da Yahoo, 75 a LinkedIn, 72 a Apple. Rahoton EEOC na 2016 ya samu maza kimanin kashi 80 na manyan jami'an masana'antar fasaha, alhali a sauran kamfanoni masu zaman kansu kimanin 71 ne. Ke nan masana'antar ta fara ne daga baya.

Daga nan an yi tafiyar hawainiya, amma gaba ake yi. A Google kason ya sauka zuwa 74.5 a 2018, ya gangaro ƙasa da 70 a 2022, ya kai kimanin 67 a 2024. A Meta ya kai kimanin 63 a 2022. Apple, wanda ya fara da kaso mafi ƙanƙanta, ya fi kowa jan ƙafa da farko: maki ɗaya kacal ya rage tsakanin 2014 da 2017. Idan aka raba tafiyar Google da shekaru goma, za a samu ɗan abin da ya haura maki ɗaya a shekara. A wannan taku, sai bayan wasu shekaru goma sha huɗu ko sha biyar za a kai rabi da rabi. A ma'aunin Kanter, kamfanonin sun baro gefen rinjaye tsantsa sun shiga rukuni mai jirkice. Wannan sauyi ne na gaske, kuma duk wanda ya ce ba a yi komai ba bai duba alƙaluman ba.

Sai dai akwai abin lura. Rahoton EEOC na 2024 ya nuna cewa mata kashi 22.6 ne na masu aikin fasaha tsantsa a 2022, kusan inda suke tun 2005. Tun da ƙasa ba ta motsa sosai ba amma sama ta motsa, to ƙarin ya shigo ne ta wata ƙofa. Sashe na 4.4 zai nuna ƙofar. Haka kuma waɗannan kaso suna iya jujjuyawa ba tare da wani ya hau ko ya sauka ba: a 2015 kason mata a dukkan ma'aikatan Microsoft ya faɗo daga 29 zuwa 26.8, kuma kamfanin ya danganta hakan da rufe masana'antun wayar da ya gada daga Nokia, inda mata ke da yawa.

4.2 Hukumar Daraktoci

A nan ne aka fi gudu. Facebook ya shiga kasuwar hannun jari a Mayun 2012 babu mace ko ɗaya a hukumarsa, sai a watan Yuni aka naɗa Sheryl Sandberg. Twitter ya maimaita haka a 2013, ya naɗa Marjorie Scardino a Disamba bayan suka ta yi yawa. A hukumar Apple ta 2013, cikin kujeru takwas bakwai na maza ne, Andrea Jung ce kaɗai mace. A 2024 kujerun na nan takwas, amma huɗu da huɗu.

Dalilin saurin a fili yake. A 2018 jihar Kalifoniya, gidan yawancin waɗannan kamfanoni, ta kafa dokar da ta wajabta mace ɗaya a kowace hukuma kafin ƙarshen 2019, da mata uku a hukuma mai kujeru shida ko fiye kafin ƙarshen 2021, da tarar da ke farawa daga dala 100,000. Nowe ta riga ta yi irin wannan tun 2003 da kashi 40. Manyan masu zuba jari ma sun matsa lamba, har bankin Goldman Sachs ya sanar a 2020 cewa ba zai raka kamfanin da hukumarsa fararen fata maza ne zalla zuwa kasuwar hannun jari a Amurka da Turai ba. Ban da matsin, kujerar darakta mai sauƙin cikewa ce: aikin wucin gadi ne, ana iya ɗauko mutum daga banki ko jami'a ko gwamnati, ana ma iya ƙara kujera ba tare da an tayar da kowa ba. Babu namijin da ya rasa aikinsa na yau da kullum don an ƙara mace a hukuma.

4.3 Kujerar Shugaban Zartarwa

A ƙarshen 2014 wanda ya dubi wannan kujera zai zaci an kama hanya. Ginni Rometty na jagorantar IBM, Meg Whitman na HP, Marissa Mayer na Yahoo, Ursula Burns na Xerox, Susan Wojcicki na YouTube; Safra Catz ta hau kujerar Oracle tare da Mark Hurd a Satumba, Lisa Su ta karɓi AMD a Oktoba. Mata bakwai ke nan.

Ga yadda aka gaje su. Burns ta sauka a ƙarshen 2016, Jeff Jacobson ya hau. An sayar da Yahoo ga Verizon a 2017, kujerar Mayer ta tafi da cinikin. HP ya rabu biyu a 2015, Dion Weisler ya ɗauki rabi, Antonio Neri ya gaji Whitman a ɗaya rabin a 2018. Arvind Krishna ya gaji Rometty a 2020, Neal Mohan ya gaji Wojcicki a 2023, sannan a Satumban 2025 Oracle ya maye gurbin Catz da maza biyu, Clay Magouyrk da Mike Sicilia. Cikin bakwai ɗin, Lisa Su ce kaɗai ta rage a ƙarshen 2025, kuma ba a samu wuri guda da mace ta gaji mace ba. A daidai wannan lokaci, adadin mata masu shugabancin kamfanoni 500 na jerin mujallar Fortune ya tashi daga 24 a 2014 zuwa 52 a 2023. Wato sauran tattalin arziki na yin gaba, manyan kamfanonin fasaha na komawa baya.

Ra'in gaɓar gilashi ya yi daidai da wasu daga cikinsu. Whitman ta karɓi HP ne bayan an sallami Léo Apotheker da bai cika shekara ba. Mayer ta tarar da Yahoo yana ta sauya shugabanni. Lisa Su ta hau lokacin da hannun jarin AMD ke wajen dala 3 kuma kamfanin na asara, ko da yake ita ta farfaɗo da shi har ya zama abokin gogayyar Intel da Nvidia. Kamfanoni shida da ke kan ganiyarsu kuwa, Apple, Microsoft, Alphabet, Amazon, Meta da Nvidia, babu wanda mace ta taɓa shugabanta tun kafuwarsa. A wannan mataki kason maza 100 ne cikin 100, a 2014 da kuma a 2025.

Ra'in magudana bai isa ya bayyana wannan ba. Waɗanda shekarunsu suka kai na wannan kujera a yau su ne suka gama jami'a tsakanin farkon shekarun 1980 da tsakiyar 1990, lokacin da kason mata a digirin kwamfuta yake kusa da ƙololuwarsa. Za a iya cewa Satya Nadella na Microsoft da Sundar Pichai na Alphabet a Indiya suka yi digirin farko, kuma Jensen Huang na Nvidia injiniyan lantarki ne, fannin da mata ba su taɓa yawa a cikinsa ba. Gaskiya ne. Amma Tim Cook na Apple injiniyan masana'antu ya karanta, ta hanyar sarrafa kaya da jigilarsu ya hau. Andy Jassy na Amazon kuwa ba injiniya ba ne sam. Ashe ba digirin kwamfuta ba ne tikitin.

4.4 Muƙaman Akala da na Tallafi

Tikitin shi ne muƙamin da mutum ya riƙe dab da naɗi. Nadella ne shugaban sashen girgijen bayanai da hidimar manyan kamfanoni na Microsoft kafin 2014. Pichai ya riƙe Chrome da Android kafin 2015. Jassy ya gina AWS, sashen girgije na Amazon, tun daga tushe kafin 2021. Krishna ya riƙe sashen girgije na IBM, shi ne kuma ya jagoranci sayen Red Hat. Mohan ne babban jami'in haja na YouTube. Dukkansu daga muƙamin akala suka fito.

A dubi inda mata suka yi ƙarfi a waɗannan kamfanoni. Amy Hood ce babbar jami'ar kuɗi ta Microsoft tun 2013, Colette Kress ta Nvidia ita ma tun 2013. Ruth Porat ta riƙe ta Alphabet daga 2015, Anat Ashkenazi ta gaje ta a 2024. A nan kam mace ta gaji mace. Susan Li ta karɓi ta Meta a 2022. Huɗu cikin shida ke nan: a kujerar kuɗi maza ne marasa rinjaye. Muƙami ne mai girma, amma a wannan masana'anta ba kasafai ake tashi daga shi zuwa zartarwa ba. Catz ce fitacciyar da ta yi hakan, kuma a duk tsawon zamaninta Larry Ellison na nan a matsayin shugaban hukumar Oracle kuma babban jami'in fasaha, da kusan kashi 40 na hannun jari a aljihunsa.

Misalai biyu sun nuna abin a kusa. A farkon 2019 majalisar ƙoli ta Amazon, wadda ke zama da Jeff Bezos don yanke manyan shawarwari, tana da mutum 18. Mace ɗaya ce a ciki, Beth Galetti, kuma sashen kula da ma'aikata take riƙe da shi. Sai a Disamban shekarar aka ƙara mata biyu, aka kuma faɗaɗa majalisar zuwa 22. Na biyu, lokacin da Elon Musk ya naɗa Linda Yaccarino shugabar zartarwa ta Twitter a 2023, kamfanin da ya koma X, ya bayyana cewa ita za ta kula da harkokin kasuwanci, shi kuma zai ci gaba da riƙe tsara haja da fasaha. An ba da rawani, an riƙe akala. Ta sauka a Yulin 2025.

Rahoton McKinsey da LeanIn na 2024, wanda ya shafi dukkan masana'antu, ya ga irin wannan: kason mata a rukunin manyan jami'ai ya tashi daga 17 a 2015 zuwa 29, amma ya danganta yawancin ƙarin da sababbin muƙaman tallafi da aka ƙirƙiro. Raunin irin wannan ci gaba ya bayyana lokacin sallamar ma'aikata ta 2022 da 2023, inda Meta ya sallami 11,000 sannan ya sanar da wasu 10,000, Google ya sallami 12,000. Shugaban Meta, Mark Zuckerberg, da kansa ya faɗa a sanarwar farko cewa sashen ɗaukar ma'aikata zai fi jin jiki.

4.5 Ikon Ƙuri'a da Jarin Kasada

Sama da shugaban zartarwa akwai mai ikon tsige shi. Google ya shiga kasuwa a 2004 da hannun jari iri biyu, na masu kafa kamfani na da ƙuri'a goma kowane ɗaya. Ta haka Larry Page da Sergey Brin ke riƙe da fiye da rabin ƙuri'un Alphabet, duk da sun bar gudanarwa tun 2019. Zuckerberg na da kimanin kashi 13 na hannun jarin Meta amma kusan 61 na ƙuri'a. Snap ya wuce nan a 2017, ya sayar wa jama'a hannun jarin da ba shi da ƙuri'a ko ɗaya. A irin wannan tsari, hukumar daraktoci ko da rabinta mata ne tana zaune ne da yardar mutum ɗaya ko biyu, kuma wannan ya rage nauyin nasarar da aka gani a 4.2.

Shiga wannan mataki ba ta ƙarin girma ake yi ba, ta kafa kamfani ne, kafa kamfani kuma sai da jarin kasada. Alƙaluman PitchBook sun daɗe suna nuna cewa kamfanonin da mata zalla suka kafa ba sa samun fiye da kimanin kashi 2 na wannan jari a Amurka. Masu ikon ƙuri'a na shekaru ashirin masu zuwa ana zaɓar su ne yanzu, a ofisoshin masu zuba jari, wurin da rahoton shekara na kowane kamfani ba ya kaiwa.

4.6 Kamfanonin Ƙirƙirarriyar Basira

Sababbin kamfanonin da jari ke kwarara gare su tun 2022 sun maimaita tsarin cikin ƙanƙanin lokaci. Sam Altman ke shugabancin OpenAI, Dario Amodei na Anthropic, Demis Hassabis na Google DeepMind, Musk na xAI. A rikicin OpenAI na Nuwamban 2023, hukumar da ta tsige Altman tana da mata biyu, Helen Toner da Tasha McCauley. An ba Mira Murati riƙon ƙwarya na 'yan kwanaki. Da Altman ya dawo, hukumar farko da aka kafa maza uku ne, Bret Taylor da Larry Summers da Adam D'Angelo. A Maris na 2024 aka ƙara mata uku a rana ɗaya, abin da ya sake nuna sauƙin gyara hukuma. Akwai waɗanda suka saɓa wa tsarin: Daniela Amodei na cikin waɗanda suka kafa Anthropic kuma ita ce shugabarsa ta gudanarwa, Murati kuma, wadda ta riƙe muƙamin akala a matsayin babbar jami'ar fasaha, ta fita a 2024, ta kafa nata kamfanin a 2025.

4.7 Komawar Alƙaluma Aljihun Tebur

Matsin da ya haifar da sauyin da aka gani a 4.1 da 4.2 ya warware ɗaya bayan ɗaya. Wata kotu a Los Angeles ta soke dokar Kalifoniya a Mayun 2022. Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a Yunin 2023. Hukuncin bai shafi jinsi ko kamfanoni kai tsaye ba, amma ya sa lauyoyinsu taka-tsantsan. A Disamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ƙa'idar kasuwar Nasdaq ta bayyana yadda hukumomi suke. A Janairun 2025 Meta ya rufe shirye-shiryensa na daidaita wakilci, a makon da Zuckerberg ya ce a wata hira da Joe Rogan kamfanoni na buƙatar ƙarin kuzari irin na maza. Ranar 21 ga watan, Shugaba Donald Trump ya soke umarnin 1965 na Lyndon Johnson da ya ɗora wa 'yan kwangilar gwamnati nauyin daidaita ɗaukar aiki. A Fabrairu Google ya janye burikansa na ɗaukar ma'aikata, Goldman Sachs ya janye sharaɗinsa. Ba kowa ne ya bi ba: masu hannun jarin Apple sun yi watsi da ƙudurin rufe irin waɗannan shirye-shirye da gagarumin rinjaye a watan, kuma umarnin Tarayyar Turai na 2022, mai neman kashi 40 na daraktocin da ba na zartarwa ba zuwa Yunin 2026, yana nan daram.

Abin da ya fi shafar mai bincike shi ne rahoton mujallar Wired na Nuwamban 2025 cewa Google da Microsoft da Meta ba za su fitar da alƙaluman ma'aikatansu na shekarar ba. Fom ɗin EEO-1 yana ci gaba da zuwa hukumar EEOC, amma doka ta hana ta bayyana na kamfani guda. Hanyar da 'yan jarida suka bi a 2010 kuwa ta Ma'aikatar Ƙwadago ce, wadda ke riƙe da bayanan 'yan kwangila a ƙarƙashin umarnin 1965 ɗin da aka soke. Daraktoci da shugabannin zartarwa za a ci gaba da ƙirga su da suna daga takardun masu hannun jari. Waɗanda za su ɓace daga lissafi su ne daraktocin sassa da mataimakan shugaba da ke riƙe da Android ko Azure ko AWS na gobe, wato rukunin da Nadella da Pichai da Jassy suke ciki shekaru biyar kafin a naɗa su.